Kafin a ture motar da ta kwanta a gida, a fara duba daɓen

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili a jaridarka mai farin jini domin in yi magana da masu ajiye mota a gida suna gyaranta kaɗan-kaɗan. Da wuya ka ratsa unguwa a Kano, Kaduna ko Maraɗi ba ka ga gidan da wata mota ke kwance a tsakar gida ko a gareji ba: Fijo 504 irin wadda aka riƙa harhaɗawa a Kaduna, tsohuwar Marsandi, Golf, ko Corolla da aka sauke wa inji. In albashi ya shigo a sayo zobe da gasket, in wata ya yi nisa a rufe ta da tamfol. Wannan ba laifi ba ne. Matsalar tana zuwa ne ranar da za a matsar da ita, ko don biki ya taso ana neman fili, ko don an yi sabuwar mota ana son wurin. Inji ba ya tashi, taya biyu sun sace, birki ya cije. Sai a kira samarin layi, wannan ya kama bamba, wancan ya dafa gilashi, a yi ta "ɗaya, biyu, uku". A nan ake karya ƙafa, a nan ake rushe katanga.

Yanzu kayan wannan aiki sun fara shigowa kasuwanninmu, wasu kuma suna yin odarsu ta intanet. Akwai doli, wato 'yar kura mai ƙananan tayoyi huɗu da ake ɗora tayar mota a kanta, ɗaya a ƙarƙashin kowace taya, ta yadda mutum biyu za su iya tura mota gaba, baya, har ma a kaikaice su manna ta da bango. Akwai jak mai taya, akwai ƙafar ƙarfe da makanikai ke kira sitan, akwai injin ɗaga mota mai ginshiƙi biyu ko huɗu. Kaya ne masu amfani. Sai dai an ƙera su ne da garejin gidajen Amurka da Turai a zuciya, inda ƙasa kankare ce sumul. Mu kuwa tsakar gidanmu ko intalok ne, ko tayil, ko shafen siminti da ya fara farfashewa, ko kuma yashi zalla. Wanda ya sayi doli bai duba daɓensa ba, ya sayi rabin kaya ne.

Bari mu fara da lissafin nauyi. Ƙaramar mota irin Corolla tana kai kilo 1,200 ko kusa da haka, kuma da yake injinta da giyabos duk a gaba suke, kusan kashi 60 cikin 100 na nauyin yana kan tayoyin gaba. Ke nan kowace tayar gaba tana ɗauke da kilo 360, ta baya kuma 240. Dolin da ake sayarwa galibi an rubuta masa kilo 450 zuwa 680 kowane ɗaya, sai mutum ya ga ai akwai rara. Amma wannan lambar ta dogara ne da cewa ƙananan tayoyin huɗu duk suna taɓa ƙasa. A kan intalok ko daɓe mai kwari da tudu, sau da yawa biyu ne kawai ke ɗauke da kayan, sauran biyun suna lilo. Kilo 360 a kan ƙananan tayoyi biyu ya zama 180 kowacce, alhali an yi ta ne don ta ɗauki 110 da 'yan kai. Abin da ke biyo baya shi ne wuyan tayar ya lanƙwashe, ƙwallayen boris su zube, doli ya durƙusa. Ga Hilux ko Land Cruiser kuwa, masu kai tan biyu ko fiye, ƙaramin doli bai ma kamata ya shigo zancen ba.

Girman ƙananan tayoyin ya fi komai muhimmanci a ƙasa irin tamu. Mai faɗin santimita 7.5, wadda ta fi yawa a dolin araha, tsakuwa ɗaya tak kamar ƙwayar gyaɗa tana tsayar da ita cak. Mota kuma ba ta tsayawa don doli ya tsaya. Nauyinta na ci gaba da tafiya, tayar motar ta haye leɓen dolin, shi kuma ya fizge ya yi baya kamar an harba shi, daidai inda ƙafar mai turawa take. Saboda haka a nemi mai santimita 10 zuwa 12.5, a share ƙasa tas kafin a fara, sannan a ɗaure tayar motar da dolin da igiyar ɗaure kaya mai zarto. Tayar ƙarfe tana gudu da sauƙi a kan kankare mai santsi amma tana fasa tayil. Ta roba mai laushi tana lotsewa in mota ta kwana a kanta, washegari ko mutum huɗu ba za su motsa ta ba. Ta folyuritan, wannan robar mai tauri ja ko ruwan ɗorawa da ake lulluɓa wa ƙarfe, ita ce tsaka-tsaki. In ƙasar intalok ce ko yashi, a shimfiɗa falankin filawud mai kaurin milimita 18 ko farantin ƙarfe a matsayin hanya, ana ɗauko na baya ana mayarwa gaba. A lura da inda falanki biyu suka haɗu, nan ne tayar ke maƙalewa.

Wanda zai ba da a ƙera masa a Panteka ko Ƙofar Ruwa, masu walda za su iya, kuma sau da yawa nasu ya fi na kwali ƙarfi, in dai an gaya musu abin da ake so. Ƙarfen angul na milimita 50 da 50 mai kaurin 5 ya isa a yi firam. A gitta fayif biyu masu kauri, tazararsu kamar santimita 25 zuwa 30, inda tayar motar za ta zauna ta nutse a tsakani. Gwargwadon yadda ta yi ƙasa, gwargwadon wuyar fitarta. Ƙananan tayoyin huɗu duk su kasance masu juyawa kowane ɓangare, kowacce mai ɗaukar kilo 150 zuwa 200, biyu daga ciki masu birki. A ɗaure su da kusoshi masu noti, kada a yi musu walda, domin zafin walda yana ƙone giris ɗin da ke wuyansu ya kuma karkatar da mazaunin boris, sannan ranar da ɗaya ta lalace sai an yanke ta. Kada a yarda a sa tayar janareta ko ta teburin shago don sauƙin kuɗi. Araha ba ta ado. Ƙurar hunturu kuma tana shiga wuyan nan ta daskare, don haka a wanke da kananzir a sake giris kafin a yi aiki da dolin da ya daɗe a ajiye.

Yanzu ga babban abin da ya sa na ɗauki alƙalami: gangare. Da zarar mota ta hau doli huɗu, ba ta da birki. Birkin hannu, giya, fakin, duk tayar motar suke riƙewa, ita kuwa tayar ba ita ke taɓa ƙasa ba. Magini kuma da gangan yake karkatar da tsakar gida don ruwan sama ya fita. In ƙasa tana sauka santimita 2 a kowace mita, abin da ido ba ya ma gani, motar kilo 1,200 tana jan kanta da ƙarfin kilo 24. Mutum ɗaya zai iya tare wannan in yana ankare, amma in ya juya baya zai tarar ta kama hanya. A bakin get kuwa, inda yawancin gidajenmu ke da tudun siminti da ya haye kwata, sau da yawa ana sauka santimita 30 a cikin mita 2. A nan jan ya kai kusan kilo 180, nauyin buhun siminti uku da rabi, kuma motar tana ƙara gudu tana tafiya. Babu ƙaton da zai tsaya gaban wannan. A auna gangaren tun farko da tiyon ruwa na magina, ko a zuba bokitin ruwa a ga inda ya nufa da kuma saurinsa. Doli na wuri mai lebur ne kawai. In za a fita get, a sauke motar a kan tayoyinta, a ba su iska, wani ya zauna a sitiyari.

Shi ma na sitiyarin ya san abin da ke jiransa. In inji ba ya aiki, abin da ke taimaka wa birki ya yi laushi ba ya samun iskar da yake zuƙa. Taku biyu ko uku ne a ajiye, daga nan feda ta zama dutse. Sitiyari mai fawa shi ma zai yi nauyi, kuma in ba a murɗa makulli ba, zai kulle da an karya kwana. Mota otomatik da batirinta ya mutu ba ta yarda ta fita daga fakin sai an danna ɗan maɓallin da ke ɓoye kusa da sandar giya, galibi a ƙarƙashin wani ƙaramin murfi. In kuwa birkin ma an kwance shi, to ba turawa za a yi ba: a ɗaure ta da sarƙa daga ƙugiyar ja zuwa wani abu da aka kafa a ƙasa, a riƙa sassautawa da cen bulok, wato na'urar ɗaga kaya mai sarƙa, mutum ɗaya na biye da waigi, wato abin tare taya, a gefen taya. A gefe na ce, ba a bayanta ba. Igiyar guga da igiyar shanya ba su da wuri a wannan aiki.

Ɗora motar a kan doli ma yana da tsari, kuma wurin da aka fi yin kuskure shi ne taya ta uku da ta huɗu. Lokacin da aka ɗaga taya ta farko, sauran ukun na riƙe da ƙasa. Lokacin da aka zo ta ƙarshe, babu abin da ke riƙe da motar sai kan jak, ƙaramin motsi zai sa ta zame ta bar shi. Don haka duk dolin da aka sa, a take birkinsa a kuma tokare ƙananan tayoyinsa da guntun katako ta ɓangare biyu kafin a matsa gaba. Kada a dogara da giya: haƙoran da ke raba juyi tsakanin tayoyi biyu masu ja suna barin ɗaya ta gangara muddin ɗayar tana sama, ko da mota na fakin. Waigi gaba da baya a kan duk tayar da ke ƙasa, shi ne magana. Akwai doli mai feda da ke matse taya ta gefe biyu ya ɗaga ta da kansa ba tare da jak ba. Ya fi tsada, ya fi aminci a wannan mataki, amma yana son taya mai iska, ba ya kama wadda ta lotse sosai. Wajen turawa a dafa ginshiƙin ƙofa ko taya, ba gilashi ko tsakiyar bodi ba, a ɗan jijjiga ta tukuna don ƙananan tayoyin su juyo su fuskanci hanya. Kada kowa ya shiga tsakanin mota da bango.

Birkin da ya cije bayan damina abu ne sananne: tsatsa ce ta manne lainin birki da duram ɗin da yake matsewa saboda an bar birkin hannu a ɗage watanni. Kada a ɗaura wata mota a fizga, lainin zai ɓare ya toshe duram ɗin gaba ɗaya. A ɗaga, a cire taya, a bubbuga gefen duram da guduma a zagaye, a sassauta abin saitin. Motar da za ta daɗe a kwance, a sauke mata birkin hannu a sa waigi.

Jak na ɗagawa ne, ba na riƙewa ba. Abin da ke tsakanin ƙirjin mutum da tan ɗaya na ƙarfe a jak ɗin haidirolik, 'yar roba ce da ba ta fi zoben yatsa ba, kuma zafin ƙasarmu yana busar da ita. Jak ɗin da ke zuwa da mota a but, na canza taya ne a gefen hanya, shi ke nan. Jak mai taya kuma yana da wata ɗabi'a da mutane ba su lura da ita ba: hannunsa ba ya tashi a miƙe, yana zana baka ne, saboda haka dole jikin jak ɗin ya riƙa gangarawa ƙarƙashin motar yayin da take hawa. In tayoyinsa sun nutse a yashi ko sun faɗa tsagin intalok, to motar ce za ta matso wajensa, ta karkatar da sitan ɗin da aka riga aka kafa a ɗaya gefen. Farantin ƙarfe ko filawud mai kauri a ƙarƙashinsa yana magance wannan.

Sitan kuwa, lambar da ke jikinsa galibi ta guda biyu ce a haɗe. Mai tan 3 yana nufin tan ɗaya da rabi kowanne. Na fi son mai fin da ke ratsa ƙarfen ta huda a kan mai haƙori kaɗai. A 2020 wani babban kamfanin sayar da kayan aiki a Amurka ya janye sitan sama da miliyan ɗaya da rabi daga hannun jama'a saboda harshen da ke kama haƙorin yana iya suɓucewa in mota ta motsa. In haka ta faru a inda ake sa ido, sai a yi tunanin wanda ya shigo ba suna ba lamba. A kafa shi inda masana'anta ta tanada, ko a kan shasi. Motocin tokumbo da suka fito daga ƙasashen ƙanƙara, inda ake zuba gishiri a titi, sau da yawa gefen ƙasansu ya ruɓe a ƙarƙashin baƙin fenti. A soka sukundireba a gani kafin a ɗora nauyi. Bayan an sauke motar a kan sitan, a kama ta a girgiza da ƙarfi tun ba kowa a ƙasa, sannan a tura tayar da aka cire ƙarƙashin gefen motar.

Bulon siminti fa? Shi ne sitan ɗin talaka a kowane lungu, kuma shi ne mafi ha'inci. Katako yana ƙara yana lotsewa kafin ya karye, ya ba ka sanarwa. Bulo mai rami ba ya sanarwa, wargajewa yake yi lokaci guda, balle irin na yanzu da ake buga da yawa daga buhu ɗaya. In ba halin sayen sitan, a yanka katako mai tauri na inci huɗu da huɗu, tsawon santimita 45 zuwa 50, a jera biyu-biyu ana gittawa kamar ɗakin ashana, a buga ƙusa. Kuma ko kusa kada a shiga ƙarƙashin motar da ke kan doli.

Masu hali da ke sha'awar injin ɗaga mota mai ginshiƙi biyu, su ma daɓen ne zai yanke musu hukunci. Motar tana rataye ne a kan hannuwa da suka miƙo daga ginshiƙan, don haka nauyinta ƙoƙari yake ya tumɓuke kusoshin da ke bayan gindin ginshiƙin daga cikin ƙasa. Masu ƙera irin na tan 4 galibi suna neman kankare da bai gaza santimita 10 zuwa 11 ba, mai ƙarfin da ya kai awo 3,000 a ma'aunin Amurka, wanda ya yi kwana 28 da zubawa, kuma kusoshin su yi nesa da tsaga ko bakin daɓe da aƙalla santimita 15. Ni dai santimita 15 na kauri zan ba da shawara. Abin da ake ƙirgawa kankare ne na ainihi mai tsakuwa, ban da shafen sama da tayil. Kada a ɗauki maganar wanda ya yi ginin. A huda a wurare uku ko huɗu, a zura waya mai lanƙwasa a auna. In bai kai ba, a fasa wurin a zuba sabon gindi da rodi bisa awon da takardar injin ta bayar, a saƙa shi da tsohon daɓen. Kusar da aka ɗaure ta ƙi kamawa tana ta juyawa, ta gama gaya maka abin da ke ƙasa.

Sai rufi. Mota mai tsayin mita 1.45 in aka ɗaga ta mita 1.8 don mutum ya tsaya a ƙarƙashi, ana bukatar sama da mita 3.3, injin ɗagawa mai sanda a sama kuwa kusan 3.6, alhali yawancin ɗakunanmu mita 3 ne ko ƙasa. Sai wuta: injin lantarkin da ke juya famfonsa kan kai kilowat 2.2, kuma wajen tashi yana jan ninkin haka, ƙaramin janareta ba zai ɗauka ba. Ga wani abu da ba a faɗa wa mai saye: kafin a sauke mota sai an ɗan ɗaga ta don makullan tsaro su saki, ke nan in aka ɗauke wuta tana sama, a can za ta kwana. Ga motar da ake kwancewa kuma akwai haɗari na musamman. An daidaita ta ne da inji a ciki. Ranar da aka sauke inji da giyabos, kilo 200 ko fiye sun bar gaba, sai ta nemi kifewa ta baya. A tokare gaba da baya da dogayen sitan kafin a kwance abu mai nauyi. Mai ginshiƙi huɗu, wanda mota ke hawa da tayoyinta, ya fi haƙuri da daɓe kuma ya fi dacewa da ajiya, sai dai aikin taya da birki a kansa sai da ƙarin jak. Ramin gareji da muka saba da shi ya fi duka araha, amma yana tara ruwa da damina, tururin fetur yana kwanciya a cikinsa saboda ya fi iska nauyi, kuma a gidan da ke da yara dole a yi masa murfi mai kwaɗo.

Wajen sauke inji, ƙaramin kiren da aka rubuta wa tan 2 yana ɗaukar hakan ne kawai in hannunsa na ramin farko, wato an gajarta shi. A rami na ƙarshe, inda hannun ya fi tsawo, wanda shi ake bukata don a kai tsakiyar inji, rabin tan ne. Ya isa injin silinda huɗu, amma da inji a sama kada a tura kiren a kan ƙasa mai gargada. A sauke shi ƙasa-ƙasa tukuna, ko a tura motar baya a bar kiren a tsaye. Rataya cen bulok a reshen darbejiya ko a katakon rufin kwano caca ce. A ƙera ƙafa uku ta fayif mai kauri, a haɗa gindinsu da sarƙa don kada su baje.

In aikin ya kai an cire ƙafafun motar gaba ɗaya, saura ƙwarangwal, doli huɗu ba su da inda za su kama. A nan sai a ƙera kura guda da fayif mai kusurwa huɗu na milimita 50 mai kaurin 3, da tayoyi na santimita 15, a ɗaure bodin a kanta ta ramukan da aka kwance ƙafafun, ba a ɗora shi kawai ba. In za a yanke ruɓaɓɓen ƙasan motar, a fara gitta ƙarfe a bakin ƙofofi a ɗan ɗiga walda, in ba haka ba bodin zai saki, ranar mayar da ƙofa ta ƙi rufuwa. A cire tankin mai a fitar da shi waje kafin a kunna walda.

Idan an kai motar inda ake so, in za ta wuce kwana biyu a sauke ta daga doli, ko a mayar da ita kan sitan. In dole ta kwana a kai, a take birkin kowane doli, a tokare, a zare hannun jak a kai shi ɗaki a kulle. Yaro ɗan shekara shida yana iya motsa motar da ke kan doli mai kyau, kuma hannun jak a wurinsa abin wasa ne.

Na gode da wannan fili.

Naka,
Wani makanike, Kaduna.